Lamba da Adadi: Daidaita Nau'o'in Bayanai a Hidimomin Yanar Gizo da Gurbinsa a Manhajar Karatu

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 2021 hukumar JAMB ta wajabta wa duk mai neman shiga babbar makaranta ya gabatar da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, kafin a yi masa rajista. Ɗalibin da ya je cibiyar rajista a Lafia yana neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Lafia, wadda aka buɗe a 2011, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai I, zai tarar sunansa da ranar haihuwarsa sun riga shi isa, domin an ɗebo su daga rumbun hukumar NIMC. Idan ya biya kuɗi, banki ne zai shaida wa makaranta. A duk wannan zirga-zirga babu masinja, babu akawu mai kwafe takarda. Kwamfutoci ne suke yi wa juna tambaya suna ba juna amsa ta intanet, kuma hanyar da suke bi ita ake kira hidimar yanar gizo.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa malamai da masu tsara manhajar karatu wani ɓangare guda na wannan aiki wanda ba kasafai littattafan makaranta suke kula da shi ba, wato yadda ake daidaita nau'in bayani na ɓangaren mai aikawa da na ɓangaren mai karɓa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa yawancin kurakuran da ke aukuwa a nan ana haifar su ne tun lokacin da mutum ya zaɓa wa bayani nau'i ta duban surarsa ba tare da duban aikinsa ba, kuma harshen Hausa yana da kalmomin da za su taimaki ɗalibi ya kauce wa hakan. Da yake kalmar manhaja a yau tana ɗaukar ma'ana biyu, za a keɓe ta a nan ga manhajar karatu, a kira ta kwamfuta furogiram.

2.0 Yarjejeniya da masaƙa

Kafin kwamfutoci biyu su yi magana sai an rubuta takardar yarjejeniya. A cikinta mai hidima yakan faɗi tambayoyin da yake amsawa, da gurabun da ke cikin kowace tambaya da kowace amsa, da nau'in abin da za a zuba a kowane gurbi: wannan rubutu ne, wannan cikakken adadi ne, wancan kwanan wata ne, wancan kuma i ne ko a'a. A farkon shekarun 2000 ana rubuta irin wannan takarda da tsarin WSDL, wanda fitowarsa ta 1.1 ta bayyana a 2001, saƙonnin kuma su bi ƙa'idar SOAP cikin rubutun XML. Nau'o'in bayanan an aro su ne daga XML Schema, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a watan Mayun 2001, mai ɗauke da tushen nau'o'i 19 da wasu da aka tsiro daga gare su. Daga baya rubutun JSON ya yi rinjaye saboda sauƙinsa, aka koma rubuta yarjejeniya da tsarin Swagger na 2011, wanda ya zama OpenAPI, fitowarsa ta 3.0 ta zo a 2017. Tsohon tsarin bai mutu ba, musamman a bankuna da ma'aikatu, inda ba a son taɓa abin da yake aiki.

Mai rubuta furogiram ba ya zama ya kwafe wannan yarjejeniya da hannu zuwa harshen da yake aiki da shi. Akwai furogiram na musamman da yake karanta ta ya saƙa masa umarnin da zai yi amfani da shi, kamar WSDL2Java na Apache Axis, da wsimport na Java, da svcutil na Microsoft, da OpenAPI Generator. Irin wannan furogiram za a kira shi masaƙa. Masaƙa tana da jadawali mai layi biyu: a dama nau'in da ke cikin yarjejeniya, a hagu nau'in da ya fi kusa da shi a harshen furogiram. Idan ta ga xsd:string ta sa String, idan ta ga xsd:int ta sa int. Ba ta tambayar abin da gurbin yake nufi, kuma ba ta da hanyar sani.

Malamin harshe zai gane matsalar nan take, domin matsalar fassara ce. Hausa ta bambanta kai da ke da ku, Ingilishi kuwa kalma ɗaya yake da ita ga ukun. Wanda ya fassara jimla daga Hausa zuwa Ingilishi ya zubar da jinsi da adadin wanda ake magana da shi, wanda kuma zai maido ta Hausa sai dai ya yi kirdado. Haka harsunan furogiram suke, kowanne da yadda ya rarraba duniya. Java yana da nau'o'in tushe 8 kawai, kuma ba shi da cikakken adadi na bit 32 wanda ba ya sauka ƙasa da sifiri, saboda haka masaƙarsa takan mayar da xsd:unsignedInt zuwa long, wato ta zuba shi a mazubin da ya fi shi girma don kada ya zube. Nau'in xsd:integer, wanda ba shi da iyakar girma, tsarin JAXB na Java yakan mayar da shi BigInteger, amma tsohuwar masaƙar .NET takan mayar da shi rubutu tsagwaronsa. Yarjejeniya ɗaya ke nan ta haifi 'ya'ya biyu da ba su yi kama ba. JSON kuwa ya fi kowa talauci a wannan fage: yana da rubutu, da adadi iri ɗaya tak, da i-ko-a'a, da babu, da jeri, da ƙunshi. Ba shi da nau'in kwanan wata ko kaɗan.

3.0 Lamba ba adadi ba ce

A nan ne ya kamata malami ya daɗe. Bahaushe yana cewa lambar mota, lambar waya, lambar gida, lambar ɗalibi. Yana kuma cewa adadin ɗalibai, adadin buhuna, adadin kuɗi. Ba ya cewa adadin mota idan yana nufin abin da aka rubuta a farantinta. Lamba alama ce ta shaida, dangin lambar girma da lambar yabo, adadi kuwa amsar tambayar nawa ne. Ana tara adadi, ana ɗebewa, ana rabawa. Babu mai hankalin da zai tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa. Ingilishi ya haɗe su biyun a kalma ɗaya, kuma wannan haɗewa tana cikin abubuwan da ke sa sabon mai rubuta furogiram ya ga alƙaluma ya ce ai wannan int ne.

Nau'in int, a Java da C#, mazubi ne mai bit 32, kuma mafi girman abin da yake ɗauka shi ne 2,147,483,647. A gwada shi da lambobin da ɗan Lafia yake yawo da su a aljihu. Lambar NIN alƙaluma 11 ce. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, ita ma 11 ce. Mafi ƙanƙantar adadi mai alƙaluma 11 shi ne 10,000,000,000, wanda ya ninka iyakar int fiye da sau huɗu. Lambar asusun banki ta tsarin NUBAN, wanda aka fito da shi a 2010, alƙaluma 10 ce, kuma ita ce ta fi yaudara, domin wasu lambobin suna shiga mazubin wasu ba sa shiga. Wadda ta fara da 1 za ta wuce lafiya, wadda ta fara da 3 za ta fasa shi. Mai gwaji zai iya gwada furogiram da asusunsa ya ga komai daidai, matsalar ta jira sai ranar biyan albashi.

Wani zai ce to a ƙara girman mazubin, a sa long mai bit 64. Wannan ya magance girma amma bai magance sifirin farko ba. A lissafi 0012345678 da 12345678 abu ɗaya ne, a banki kuwa na farko asusu ne, na biyu ba komai ba ne. Kowace lambar wayar salula a Nijeriya, idan aka rubuta ta yadda ake bugawa a cikin gida, da sifiri take farawa. Malamai da yawa sun ga wannan da idonsu a Excel, inda 0803 kan koma 803 da zarar an ɗaga hannu. Abin da Excel yake yi a gaban ido, masaƙa tana yin irinsa a ɓoye idan yarjejeniya ta ce gurbin adadi ne. Maganin shi ne a rubuta a yarjejeniya cewa gurbin rubutu ne, sannan a ɗaure shi da sharaɗi cewa alƙaluma 11 ne ba ragi ba ƙari. XML Schema da OpenAPI duk sun tanadi hanyar rubuta irin wannan sharaɗi.

Manyan kamfanoni ma sun ci karo da wannan dutse. Harshen JavaScript, wanda shafukan intanet suke aiki da shi, ba ya riƙe cikakken adadi daidai idan ya wuce 9,007,199,254,740,991. A 2010, da Twitter ya koma ba saƙonni lambobi masu bit 64, sai da ya ƙara gurbi na biyu mai suna id_str wanda ke ɗauke da lambar a matsayin rubutu, domin alƙaluman ƙarshe suna canjawa a hannun masu karɓa. Saboda wannan dalili ne tsarin Protocol Buffers na Google yake rubuta adadi mai bit 64 a matsayin rubutu idan zai fitar da shi cikin JSON. Mafi tsadar misali kuwa ya faru ne ranar 4 ga Yuni, 1996, watanni huɗu kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa, lokacin da rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga Kourou. Binciken da aka yi ya nuna an yi ƙoƙarin zuba adadi mai bit 64 a mazubi mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767 ce, cikin umarnin da aka gado daga Ariane 4 mai ƙarancin gudu. Wannan ba hidimar yanar gizo ba ce, amma cutar ɗaya ce.

Kuɗi adadi ne na gaskiya, sai dai shi ma yana da tarkonsa. Nau'o'in float da double, waɗanda ke bin ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, suna ajiye adadi cikin lissafin biyu-biyu, kuma ɗaya bisa goma ba ta ƙarewa a wannan lissafi, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a namu na goma-goma. Shi ya sa kwamfuta za ta tara 0.1 da 0.2 ta ba da 0.30000000000000004. A auna tsawon gona wannan ba komai ba ne. A lissafin kuɗin makaranta na ɗalibai dubu goma kuwa, kwabo ɗaya da ya ɓata zai hana akanta rufe littafi. Hanyoyi biyu aka saba bi. Ko dai a sa xsd:decimal, wanda Java ke karɓa da BigDecimal, C# kuma da decimal, ko kuma a aika kuɗin a matsayin cikakken adadin kwabo, kamar yadda kamfanin Paystack yake buƙata daga masu amfani da hidimarsa. Wanda ya bi hanya ta biyu ya tuna cewa int mai bit 32 zai cika a Naira 21,474,836 da kwabo 47, kuɗin da bai kai albashin wata ɗaya na ƙaramar ma'aikata ba. Ya kuma rubuta ƙarara cewa kwabo ake nufi, domin 500000 da aka aiko a kwabo aka karanta a naira ya ninka sau ɗari.

4.0 Kwanan wata, da bambancin sifiri da babu

Ranar haihuwa rana ce, ba ta da sa'a. Amma idan marubucin yarjejeniya ya sa mata xsd:dateTime maimakon xsd:date, ko kuma masaƙa ta zuba ta a nau'in da dole sai da sa'a, kamar Calendar na tsohon Axis ko DateTime na .NET, sai a liƙa mata ƙarfe 12 na dare. Agogon Nijeriya yana gaba da agogon duniya na UTC da sa'a ɗaya. Saboda haka ƙarfe 12 na daren shiga 1 ga Janairu, 2008, a Lafia, daidai yake da ƙarfe 11 na daren 31 ga Disamba, 2007, a kwamfutar da aka saita bisa UTC. Idan mai karɓa ya yanke sa'ar ya ɗauki ranar, yaron ya ƙara kwana ɗaya, kuma shekarar haihuwarsa ta canja. Duk wanda ya san wahalar gyaran ranar haihuwa a takardun hukuma, da rantsuwar kotu da ke biyo baya, ya san wannan sa'a ɗaya ba ƙaramin abu ba ce. A JSON, inda kwanan wata rubutu ne kawai, akwai ƙarin haɗari, domin 03/04/2009 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Ƙa'idar ISO 8601, wadda ta fara fitowa a 1988, ta raba gardama da jerin shekara, wata, rana, wato 2009-04-03.

Sai batun da malamai suka fi kowa sani. Ɗalibin da ya zauna jarrabawa ya ci sifiri daban ne da wanda bai zauna ba saboda rashin lafiya. A takardar maki ta hannu malami yakan ja layi ko ya rubuta cewa bai zo ba. XML Schema yana da hanya biyu ta faɗin haka: a bar gurbin gaba ɗaya, ko a kawo shi da alamar cewa fanko ne. Amma int na Java da na C# ba su san babu ba, idan ba a zuba musu komai ba sifiri suke nunawa. Masaƙar Java takan kauce ta hanyar amfani da Integer, wanda yake iya zama fanko, idan yarjejeniya ta nuna gurbin ba dole ba ne. Tsohuwar masaƙar .NET kuwa takan ƙirƙiro gurbi na biyu mai ƙarewa da Specified, wanda sai an kunna shi kafin a aika adadin, kuma mantawa da shi ya sa masu rubuta furogiram da dama sun kwana suna neman inda bayaninsu ya shige. Idan yarjejeniya ba ta bar ƙofar babu a buɗe ba, yaron da ke kwance a asibiti zai fito a jerin waɗanda suka faɗi, kuma matsakaicin makin ajin zai sauka tare da shi.

5.0 Haruffa masu lanƙwasa da sunayen wurare

Nau'in rubutu shi ne ake ganin ba shi da rigima, tunda xsd:string yana ɗaukar duk haruffan Unicode, String na Java da na C# su ma haka. Haruffan Hausa masu lanƙwasa suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990: ƙ tana gurbi na U+0199, ɓ na U+0253, ɗ na U+0257, sai ƴ ta rubutun Nijar a U+01B4. Matsalar tana zuwa a zangon ƙarshe, inda za a sauke bayani a rumbu. Tsofaffin jadawalan haruffa na Yammacin Turai, irin su ISO 8859-1, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa. A rumbun SQL Server, alal misali, idan aka zaɓi VARCHAR bisa irin wancan jadawali maimakon NVARCHAR, Ɗanladi zai fito da alamar tambaya a gurbin harafinsa na farko, kuma da zarar an ajiye shi haka ba a iya gane harafin da aka zubar. Na taɓa karɓar takardar gayyata zuwa wani taron bita inda sunan maƙalata ya fito da alamomin tambaya biyar, taron kuwa a kan ƙa'idojin rubutun Hausa ne. Akwai kuma batun tsawo. A tsarin UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa bait biyu yake ci, saboda haka gurbin da aka auna da bait zai cika kafin wanda aka auna da haruffa. A saƙon tes na waya ma, ƙ guda ɗaya tana rage abin da saƙo ke ɗauka daga haruffa 160 zuwa 70.

Alhamza ta fi lanƙwasa wahala a aikace. Sa'adatu, A'isha, Mu'azu, Isma'ila, da 'y ta 'ya'ya a rubutun Nijeriya duk suna ɗauke da ita, kuma Unicode yana da alamomi aƙalla uku masu kama da juna da ake rubuta ta da su: U+0027 ta kan allon bugu, da U+2019 wadda Word yake musanyawa da kansa, da U+02BC wadda ita ce harafi a hukumance. Ido ba ya bambanta su sosai, kwamfuta kuwa tana ganin sunaye uku daban. Wasu masu rubuta furogiram, don tsoron kutse a rumbu, sukan hana alhamza gaba ɗaya, su tilasta wa Mu'azu ya zama Muazu. A ganina wannan kasala ce aka yi wa rigar tsaro, domin akwai hanyoyin kare rumbu da ba sa taɓa sunan mutum.

Jerin zaɓi, kamar na jihohi da ƙananan hukumomi, yana da tasa matsala da Jihar Nasarawa ta dace da bayyana ta. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka cire ta daga Jihar Filato, jihohin ƙasar suka tashi daga 30 zuwa 36. Masaƙa takan mayar da jerin zaɓi na yarjejeniya zuwa jeri rufaffe a cikin umarni. Idan mai hidima ya ƙara sabon suna, mai karɓa kuma bai sake saƙa umarninsa ba, furogiram na .NET yakan tsaya cak da ƙorafi, na JAXB kuwa yakan yi shiru ya bar gurbin fanko, wanda ya fi muni, domin ba wanda zai sani. Sunaye kuma ba su isa shaida ba. Akwai ƙaramar hukumar Obi a Nasarawa, akwai wata Obi a Binuwai. Akwai Jihar Nasarawa, da ƙaramar hukumar Nasarawa, da Nasarawa Eggon, ga kuma wata Nasarawa a cikin birnin Kano da ake yawan rubuta ta da s biyu. Shi ya sa ake ba wurare lamba, kamar NG-NA da ISO 3166-2 ta ba jihar, a bar suna ya zama abin nunawa a allo kawai.

6.0 Inda ake gyara

Ɗalibin da ya ga masaƙa ta ba shi int inda yake son rubutu, abu na farko da zai yi tunani shi ne ya buɗe umarnin ya gyara da hannu. Wannan shi ne abin da ya kamata a hana shi tun farko, domin ranar da aka sake saƙawa gyaransa zai shafe. Gyara yana da wuri biyu. Na farko shi ne yarjejeniyar kanta, idan a hannunsa take. Na biyu shi ne fayil ɗin ɗauri, wanda ake ba masaƙa tare da yarjejeniya domin a canja mata layin jadawalinta, a ce mata duk inda ta ga xsd:date ta sa LocalDate, wanda ya shigo Java a 2014 kuma ba ya ɗauke da sa'a. JAXB yana da irin wannan fayil, OpenAPI Generator shi ma yana karɓar umarnin musanya nau'i.

Akwai daɗaɗɗiyar muhawara tsakanin masu fara rubuta yarjejeniya sannan su saƙa umarni, da masu fara rubuta umarni sannan su bar masaƙa ta fitar musu da yarjejeniya. Hanya ta biyu ta fi sauri, amma tana fitar da al'adun harshe ɗaya zuwa waje. A farkon shekarun 2000 hidimomin .NET da ke aiko da DataSet, da na Java da ke aiko da HashMap, sun ba ɗaya ɓangaren wahala ƙwarai, kuma irin wannan saɓani yana cikin dalilan kafa ƙungiyar WS-I a 2002 domin taƙaita abin da ya halatta a sa a yarjejeniya. Don koyarwa hanya ta farko ce ta dace, tunda tana tilasta wa ɗalibi ya tsaya a kan kowane gurbi ya tambayi kansa mene ne wannan abu kafin ya taɓa kwamfuta.

7.0 Gurbinsa a manhajar karatu

Manhajar babbar sakandare da hukumar NERDC ta fara aiwatarwa a 2011 ta shigo da darasin sarrafa bayanai cikin darussan sana'a, tare da nazarin kwamfuta. Yadda aka saba koyar da nau'o'in bayanai shi ne a jero su a allo, ɗalibi ya haddace ma'anar kowanne ya maido ta a jarrabawa. Tambayar da ba a cika yi masa ba ita ce wanne zai zaɓa ga wannan abu, kuma me zai lalace idan ya zaɓi wancan. Ba a buƙatar ɗakin kwamfuta ko wutar lantarki kafin a yi wannan tambaya, abin da ke da muhimmanci ga makarantun Doma da Awe da Keana kamar yadda yake ga na cikin Lafia.

Ga aikin da malami zai iya yi da alli da takarda. A raba aji gida biyu, ɗaya makaranta ɗaya banki. Kowane gida yana da fom mai akwatuna, amma dokokinsu sun bambanta: akwatin adadi na banki yana zubar da sifirin farko kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce alƙaluma 9, akwatin rubutunsa ba ya karɓar harafi mai lanƙwasa, agogonsa kuma yana baya da sa'a ɗaya. Ɗalibi ɗaya ya zama masaƙa, wanda aka hana shi tunani, jadawali kawai zai bi. A aika bayanan ɗalibi na ƙage daga makaranta zuwa banki, sannan a maido su, a gwada abin da ya dawo da abin da ya tafi. Wannan gwajin zuwa-da-dawowa shi ne ainihin wanda ƙwararru suke yi, kuma bayanan gwajin su ne gwanintar: suna mai ɗ da alhamza, asusu mai farawa da sifiri biyu, haihuwar 1 ga Janairu, haihuwar 29 ga Fabrairu, maki sifiri, da ɗalibin da bai zauna ba. Malamin Hausa da na kwamfuta za su iya gudanar da shi tare, domin rabinsa darasin ƙa'idojin rubutu ne.

Game da kalmomi, Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tanadi na nazarin harshe da adabi, kuma ya nuna hanyar da za a bi: a fara duba abin da harshe yake da shi kafin a yi aro. A wannan fage ana ba da shawarar a tsayar da lamba ga alamar shaida, adadi ga abin lissafi, alƙalami ga kowane ɗaya daga 0 zuwa 9, fanko ga gurbin da ba a cika ba. Bit da bait a are su yadda suke, tunda gajeru ne kuma sun zauna a baki. Sunayen nau'o'i kamar int da String kada a fassara su, domin haka ɗalibi zai rubuta su a kwamfuta, sai dai a bayyana su. Kalmar masaƙa da aka yi amfani da ita a nan shawara ce kawai, kuma ya kamata a gwada ta a azuzuwan Lafia, inda ɗalibai da yawa 'yan Eggon ne da Alago da Gwandara da Migili da Tibi waɗanda Hausa harshensu na biyu ne, a ga ko suna kama ma'anarta ba tare da dogon bayani ba kafin a shigar da ita littafin malami.